Marayan Daji A Ƙetaren Gwari

Masu sanin tarihi sun ce sunan Minna daga bakin Gbagyi ya fito, watau mutanen da Hausawa ke kira Gwari, ma'anarsa kuwa watsa wuta. An ce a zamanin da, sau ɗaya a shekara akan kashe dukan wutar da ke cikin gari, sa'an nan a kawo sabuwa a rarraba ta gida-gida. To, ko da mene ne asalin sunan, har yau wuta ba ta rabu da ƙasar Minna ba. Da zarar an kwashe amfanin gona, hunturu ya busar da ciyawa, sai daji ya kama. Manomi ya cinna don ya huce wahalar sharar gona, makiyayi ya cinna don sabon tsiro ya fito wa shanunsa, samari kuwa su cinna don su kori gafiya da zomo da gyazbi zuwa bakin karnuka. Matafiyin da ya bi hanyar Bida ko ta Zungeru da dare a cikin watan Janairu zai ga wutar ta yi layi a bisa duwatsu, tana ci babu mai tsawata mata.

Babbar dabba takan ji ƙaurin hayaƙi tun daga nesa ta yi ta kanta. Wanda wuta ke ci shi ne wanda bai iya gudu ba, kamar su kunkuru da bushiya da ƙwan fakara, da kuma 'ya'yan dabbobi waɗanda ba su daɗe da faɗowa duniya ba. Labarin ɗaya daga cikin irin waɗannan 'ya'ya ne za a bayar a nan, da na mutumin da Allah ya jarraba da riƙonsa.

Minna garin jirgin ƙasa ne tun zamanin da aka shimfiɗa dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a cikin 1911. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, aka mai da shi hedkwata, sai gari ya buɗe, motoci suka yawaita, sana'ar gyaransu ta kankama. Unguwar Ƙetaren Gwari tana cikin wuraren da suka yi suna a wannan sana'a. Tun da hantsi ba abin da kunne ke ji a can sai ƙarar guduma da kukan injin, ƙasar wurin ma ta rine da baƙin mai. Ba wurin da mai hankali zai zaɓa don renon ɗan dabbar daji ba ne. Amma ƙaddara ba ta shawara da kowa.

Akwai wani bakanike dattijo a wannan unguwa, gwanin gyaran manyan motoci, mai yara biyar a ƙarƙashinsa. Wata safiya ta hunturu, a cikin 'yan shekarun nan, wani direban motar itace ya kawo masa gyaran lagireto. Suna cikin kwance-kwance sai ya ji wani siririn kuka daga bayan kujerar direba. Da ya ɗaga buhun da ke wurin sai ga ɗan gada, bai fi kyanwa girma ba, ƙafarsa ta baya ɗaya ta ƙone, gefen kunnensa ya babbake, yana ta rawar jiki. Yaron mota ne ya tsinto shi jiya da yamma a bakin wani daji da wuta ta ci, niyyarsa kuwa ya sayar wa mai farfesu ya sami na sigari. Dattijon bai yi dogon ciniki ba. Ya ce wa direba ya bar masa ɗan dabbar, shi kuma ya yafe masa rabin kuɗin aiki.

Yaran gareji suka taru kowa da tasa dabarar. Wani ya ɗauko man birki zai zuba a ƙunar, domin haka suka saba yi wa kansu in ƙarfe ya yanke su. Wani ya ce a shafa baƙin mai. Maigidan ya daka musu tsawa, ya naɗe ɗan gadan a tsohuwar rigarsa, ya hau babur sai wurin likitan dabbobi. Likita ya wanke ƙunar da ruwa mai tsabta, ya shafa magani, ya ɗaure, sa'an nan ya gaya masa maganar da bai zata ba. Ya ce ƙunar ba ita ce abin tsoro ba, abin tsoro shi ne firgita. Dabbar daji, musamman dangin gada da barewa, in aka yawaita kama ta da shafa ta da taruwa a kanta, tsoro kaɗai ya isa ya kashe ta ko da ba ta da rauni ko ɗaya. Saboda haka a sa shi wuri mai duhu da ɗumi, nesa da hayaniya da karnuka, kada kuma a bar yara su mai da shi abin wasa.

Nan fa aiki ya koma hannun uwargida. Da fari ta yi gunaguni, ta ce, "Malam, 'ya'yan namu ma da yaya muke ciyar da su, balle ka ƙaro mini na daji?" Amma da ta ga yadda yake lafewa a cikin kwali yana kallonta, sai zuciyarta ta karye. Ta share masa wani lungu a ɗakin ajiyar hatsi, ta shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa. Likita ya riga ya gargaɗe su cewa madarar gwangwani mai sukari za ta sa shi zawo, zawo kuwa shi ne ajalin mafi yawan irin waɗannan jarirai. Don haka ta shirya da wata maƙwabciya mai akuya da ta haihu, kullum ana tatso mata ɗan nono. Takan ɗumama shi daidai ɗumin jiki, ta zuba a bulumboti, ta ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, dare da rana. Ba a kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, sai yana tsaye bisa ƙafafunsa, don kada nono ya bi masa ta hanyar numfashi. In ya gama sha sai ta goge masa ƙarƙashin wutsiya da tsumma mai ɗumi, domin a daji uwarsa ce ke lashe shi kafin ya iya fitsari da kashi. Kwana uku na fari ya ƙi karɓar bulumbotin, sai da sirinji ake ɗiga masa. Ran na huɗu ya kama da kansa. A ranar aka ga dattijon nan ya shiga gareji yana fara'a, har yara suka ɗauka wani babban aiki ya samu.

A bayan garejin akwai wani tsoho wanda ya yi farauta a ƙuruciyarsa har idonsa ya raunana ya bari. Da labari ya kai masa sai ya sa aka kira masa yaron motar nan, ya yi masa tambaya uku. Ka ga gawar uwar? Yana yawo yana kuka ne, ko kuwa a kwance ka same shi shiru? Da rauni a jikinsa tun kafin ka taɓa shi? Yaro ya ce bai ga gawa ba, amma ya same shi yana ɗingishi a cikin toka yana kuka. Tsoho ya kaɗa kai ya ce, "To, kai ka tsira. Wannan da ka bar shi, da bai kwana ba." Sa'an nan ya juya ga bakaniken ya ce, "Amma ɗana, ka sani, mafi yawan 'ya'yan gada da ake kawowa gari ba marayu ba ne. Mutane ne ke mai da su marayu."

Maganar tsohon nan gaskiya ce, masana halin dabbobi ma haka suka tabbatar. Gada ba ta garke, ita kaɗai take yawo, ɗa guda kuma takan haifa. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a makonnin fari ɗan gada ba gudu ne makaminsa ba, lafewa ce. Uwar takan ɓoye shi cikin duhuwar ciyawa ta tafi kiwo, ta dawo lokaci-lokaci ta shayar da shi, sa'an nan ta sake nisanta don kada ta jawo masa idon dila ko kare. Mai wucewa ya gan shi shi kaɗai, tausayi ya kama shi, ya ɗauke, alhali uwar tana laɓe kusa tana kallo. Haka kuma ɗan tsuntsun da ya fara gashi ya faɗo ƙasa, iyayensa suna nan suna ciyar da shi. In tsirara yake sai a mai da shi sheƙarsa, zancen da ake yi cewa uwa za ta ƙi shi don ta ji warin hannun mutum ba shi da tushe. Ashe matakin farko na taimakon dabbar daji shi ne mutum ya tsaya daga nesa ya duba, kafin ya miƙa hannu.

Limamin masallacin da makanikai ke salla ya ƙara wa dattijon ƙarfin gwiwa. Ya tuna masa da abin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa a wata tafiya waɗansu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta shawagi a kansu, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani sai ya umurce su su mayar mata da 'ya'yanta. A cikin wannan ruwaya kuma aka ambata ya ga gidan tururuwa da suka ƙone, ya nuna musu bai yarda da haka ba. Liman ya ce mai cinna wa daji wuta don ɓera guda ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kan wannan. Al'adar Hausa ma ba ta bar wannan fage ba. Wa ya taɓa ganin an jefi shamuwa a garin Hausa, ko an rushe mata sheƙa a bisa tsamiya? Yaro tun yana ƙarami ake koya masa cewa baƙuwar damina ce, ba a taɓa ta.

Ƙuna ta warke, ta bar tabo. Bayan wata uku ɗan gada ya bar nono, ya koma cin ganyen wake da harawa da 'ya'yan itatuwa da ake tsinto masa. Aka fito da shi tsakar gida. Ya saba da mutanen gidan ƙwarai, musamman autar maigidan, yarinya 'yar shekara shida, wadda yake bi duk inda ta sa ƙafa. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo. Kowa na cewa an yi sa'a, ba wanda ya lura cewa wata matsalar ce ke girma tare da shi.

Namiji ne, namijin gada kuwa yana da ƙaho gajere, miƙaƙƙe, mai tsini kamar basilla. Na daji yana tsoron mutum, saboda haka ba ya kusantarsa. Wanda aka rena a hannu ya rasa wannan tsoro, in ya fara balaga sai ya ɗauki mutanen gida abokan karawarsa. Wata ranar damina yarinyar ta sunkuya za ta ba shi ganye, sai ya ja da baya ya tunkuye ta a cinya, har sai da aka kai ta aka yi mata ɗinki. Daren nan ba a yi barci a gidan ba. Uwargida, wadda ita ta raya shi da hannunta, ita ce ta fara cewa lalle ya bar gidan.

Da gari ya waye masu saye suka fito. Mai farfesun nan ya aiko, ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Wani attajiri kuma, mai tara dawisu da jimina a gidansa don ado, ya aiko direbansa da tayi mai tsoka. A lokacin kasuwar gyara ta yi sanyi, ga kuɗin makarantar yara ya ƙarato, ga na asibiti da aka kashe. Babu wanda zai zargi dattijon in ya karɓa. Ya kwana biyu yana juya abin a ransa. Abin da ya tsaya masa shi ne, in ya sayar, yaron motar nan da ire-irensa za su ji labari, su gane ɗan gada kuɗi ne, baɗi kuwa ba za su jira wuta ta ƙona wani ba, da kansu za su shiga ciyawa nema. Ya ce wa matarsa, "Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ni na ɗauko shi, ni zan san inda zan sauke shi."

Wannan tunani nasa shi ne ainihin ƙa'idar da manyan gidajen renon dabbobi ke bi. A Kalaba, waɗansu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, sun kafa wurin renon marayun birai a 1991, musamman wani biri da ake kira diril wanda ya kusa ƙarewa a duniya. Mafi yawan marayun nan maharba ne suka kashe iyayensu don nama. Tun farko masu wurin suka ɗaura wa kansu doka cewa ba za su sayi ko ɗaya ba, sai wanda aka ba su kyauta ko hukuma ta ƙwato, domin sayen ɗaya kiran kashe uwar wani ne. A Kano ma an taɓa ganin ƙarshen irin wannan ciniki. Waɗansu goggon biri guda biyu da aka sato suna ƙanana daga dazuzzukan Kamaru, hukuma ta karɓe su daga hannun mai riƙonsu a birnin, aka mai da su gidan renon dabbobi na Limbe a Kamaru a 2003. A ƙasar Kenya kuwa, Daphne Sheldrick, wadda ta rasu a 2018, ta shafe shekaru masu yawa tana gwaji kafin ta dace da haɗin madara mai man kwakwa wanda jaririn giwa zai sha ya rayu. Duk da haka ba a ɗauka aiki ya kammala ba sai ran da marayan ya koma cikin giwayen daji a gandun Tsavo, abin da kan ci shekaru. Watau a wurin masu sanin wannan aiki, reno rabin hanya ne, sauran rabin shi ne mayarwa.

Doka ma tana da abin faɗa. Tun 1963 Jihar Arewa ta yi dokar namun daji wadda ta kasa dabbobi aji-aji, ta hana taɓa waɗansu, ta sa lasin a kan farautar waɗansu. Gwamnatin Tarayya ta kafa Doka ta 11 a 1985 don hana fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara. Saboda haka wanda dabbar daji ta faɗo hannunsa, abin da ya fi masa shi ne ya sanar da malaman daji ko likitan dabbobi, kada alherinsa ya zame masa laifi. Akwai kuma batun lafiya. Dila da kyanwar daji suna iya ɗaukar ciwon haukan kare, birai da jemagu suna da nasu cututtukan, zazzaɓin Lassa kuwa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, wani irin ɓera ne ke yaɗa shi. Ba a kama dabbar daji da hannu tsirara, wanda kuma ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ya nufi asibiti nan take.

To, ina za a kai ɗan gadan? Hankalin dattijon ya fara zuwa ga gandun dajin Kainji, wanda aka haɗa daga dajin Borgu da na Zugurma a 1979, shi ne gandun ƙasa na farko a Nijeriya, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 5,340. Amma tafiya ce mai nisa, ga shi kuma 'yan bindiga sun shiga sassan dajin, kamar yadda suka shiga dajin Allawa a yankin Shiroro. Wurin da ya gagari mai gadi da bindiga ba zai zama mafakar maraya ba.

Tsohon maharbin nan ne ya warware matsalar. Ya san wani ƙauyen Gbagyi a gindin dutse, inda akwai kurmi a bakin rafi wanda mutanen garin suka gada kaka da kakanni ba a sa masa gatari, ba a cinna masa wuta, ba a farauta a ciki. Suka je tare da wani malamin daji suka gai da mai garin, suka faɗi buƙatarsu, ya tara dattawansa suka amince. Tsoho ya hana a sake shi rana ɗaya. Ya ce dabbar da ta tashi tana jin ƙarar guduma, in aka jefa ta daji farat ɗaya, gidan mutane za ta nufa, kare ya gama da ita. Sai aka kewaye wani fili da zana a gefen kurmin, aka sa shi ciki tun damina ba ta ɗauke ba, ciyawa na da tsawo, abinci ko'ina. Mutum ɗaya kaɗai aka ɗora wa kai masa ganye, shi ma ba ya magana, ba ya taɓa shi, in ya matso ma sai ya kore shi. Aka hana bakaniken da iyalinsa zuwa. Wannan ne ya fi musu ciwo, yarinyar da ya tunkuya ita ta fi kowa kuka. Ubanta ya ce mata, "Uwata, in kina sonsa ki so ya manta da ke."

Bayan mako shida, ran da aka ga ya fara zabura yana ɓuya in ya ji takun mutum, aka ɗage zana ɗaya aka bar ta a buɗe. Kwanaki kaɗan yana fita yana komowa, daga nan ya daina komowa. Can cikin rani wani manomin garin ya aiko da saƙo cewa ya hangi gada mai tsagaggen kunne tana ƙetare rafi da asuba, ko da ta gan shi sai ta yi tsalle ta faɗa duhuwa.

Abin lura a nan shi ne, ba nono da magani kaɗai suka ceci wannan dabba ba. Da babu kurmin da waɗansu talakawa suka tsare tun zamanin kakanninsu, da duk wahalar ta ƙare a tukunya ko a keji. Maƙwabtan ƙasar nan sun nuna abin da irin wannan tsaro ke iya yi. A yankin Kure na Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa sun ragu har sun koma 49 a 1996. Da hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai suka hana kashe su, sai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ɓacewa.

Saboda haka kira ya tafi ga hukumomin daji na jihohin Arewa, su tanadi wurin da talaka zai kai dabbar da ta ji rauni ba tare da tsoron kamu ba, su kuma sanar da jama'a ta rediyo inda wurin yake. Ya tafi ga hakimai da masu gari, su farfaɗo da dokar ƙunar daji, su riƙe sauran kurmin da ya rage musu. Ya tafi ga direbobi da manoma da 'yan makaranta, waɗanda su ne ke fara cin karo da waɗannan bayin Allah: wanda aka samu lafiya lau a kwance a bar shi ga uwarsa, mai rauni a kai shi ga likita, kada a saya, kada a sayar. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya sa a gane, ya kuma ba ƙasar nan zaman lafiya a gari da daji, amin.